Kwana Shida a Zaure

Kun sha tambayata, wasunku a fili, wasu ta bakin mahaifiyarku, abin da ya sa ɗorin gidanmu ya koma hannun Kawunku Haruna alhali ni ne babba, da kuma abin da ya sami ƙafar Yayarku Uwani. Na san amsoshin da ke yawo a gidan nan. Masu son kakanku suna cewa likitoci ne suka gajarta ƙafar da ƙarfensu. 'Yan bokon cikinku kuwa, da yake ba sa rasa wanda za su ɗora wa laifi, suna cewa tsohon ne ya ɓata ta da ja. Duka biyun na ji su shekara da shekaru na yi shiru, domin kowacce ta bar ni a waje, kuma zaman wajen ya yi mini daɗi. Yanzu idona ya fara gajiya, gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya ganin layi.

Kakanku Malam Tanko maɗori ne ɗan maɗori. Daga Kabo, daga Gwarzo, daga Mainika ake kawo masa masu karaya, wasu a kan jaki, wasu a kan ƙyauren ɗaki mutum huɗu na ɗauke da su, kuma mafi yawansu da ƙafafunsu suke komawa gida. Wannan gaskiya ce, kada boko ya mantar da ku ita. Hanyarsa ɗaya ce. Zai shafa man shanu, ya rufe ido, ya bi ƙashin da yatsu yana motsa shi a hankali. Idan ya ji ƙas-ƙas a ƙarƙashin yatsunsa, karaya ce, sai a gyara zamanta a ɗaure da kara. Idan bai ji komai ba, to gocewa ce ko targaɗe, maganinta a ja da ƙarfi a mayar da gaɓa gurbinta. A kan wannan ya koyar da ni tun ina tsaga masa kara har na kai ga riƙe majinyaci. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa Haruna ya kira masa wancan. Ban taɓa jin zafin haka ba, domin duk ɗan farin da na sani haka ake yi masa.

Da ni ma aka yi mini haihuwar fari, sai na bi sawu. An sa wa yarinyar Hajara, sunan mahaifiyata da ta riga ta rasu, shi ya sa gida ke kiranta Uwani. Ana yaye ta aka miƙa ta sashen Baba, hannun ƙanwarsa Gwaggo Asabe da ke kula da shi. Ni da mahaifiyarku Rabi ba mu kiran sunanta, ba mu ɗaukarta a gaban mutane, in ta yi tuntuɓe a tsakar gida sai mu kalli wani wajen har wani ya ɗaga ta. Ita ma Yaya Sule take ce mini, yadda ta ji Haruna yana faɗa. Baba kuwa duniyarsa ke nan. Amaryata yake ce mata, ita kuma ta ce ba za ta auri mai furfura ba sai ya sayo mata alawa a kasuwar Kabo, ya sayo, ta karɓe ta ce ta fasa. Wannan kunyar ɗan fari ado ce a wurinmu, ana yabon mutum da ita, ni kuwa an yabe ni ƙwarai.

Abin ya faru ne a kakar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ana saura 'yan makonni azumi. Shekara ce ta matsi, mai ya yi wuya, taki ya gagari talaka, amma ko'ina ka zauna hirar Shari'a ake yi, har waɗanda ba su cika zuwa jam'i ba sun zama masu fatawa a gindin bishiya. Muna kwaso dawa daga gona a amalanken shanu, yara sun hau kan dammuna kamar kullum. Uwani tana da shekara tara a lokacin, ba ta iya jira a tsaya. Muna isowa ƙofar gida ta yi tsalle, ƙafarta ta dama ta maƙale tsakanin katako da igiyar da aka ɗaure kayan, jikinta ya tafi ƙasa ƙafar ta tsaya a sama. Ina gaba riƙe da igiyar shanu, na waiwaya na ga komai. Na ga inda cinyar ta lanƙwashe, ba a cikin gwiwa ba, sama da ita kaɗan. Maƙwabcinmu ne ya ciro ta ya shiga da ita gida. Ni na tsaya riƙe da shanun da ba su da niyyar zuwa ko'ina, saboda ƙofar gida cike take da mutane.

Na zauna a zaure na jawo kara ina tsagawa. Haruna ne ya riƙe wa Baba yarinyar, shi ya fito ya gaya mini cewa Baba ya laluba bai ji motsin karaya ba, ya ce gwiwa ce ta goce, ya ja ya mayar. Ba sai an gaya mini an ja ba, na ji ihunta. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne zuciyata ba ta yarda ba. Akwai yara biyu da aka taɓa kawo mana da irin wannan kumburi a bakin gwiwa, babu ƙas-ƙas, aka ja aka ɗaure suka warke sarai, bayan shekaru na ga ɗayansu a kasuwar Getso ƙafarsa ta karkace waje, ɗayan kuma yana ɗingishi. Mutane suka ce iska ce ta shafe su, ni ma na ce haka, amma abin ya zauna mini a rai. Duk da haka ban shiga ba. Na gaya wa kaina cewa ba a koya wa Malam Tanko ɗori, kuma uba ba ya leƙa jinyar 'yar fari. A kwana na uku ƙafar ta sake zamewa a cikin karan, Baba ya kwance ya sake ja. A kwana na biyar ya kuma. Duk ina zaure, na tsaga karan da zai ɗaure mutum goma.

Kwana na biyar ɗin nan Juma'a ce. Liman ya yi wa'azi a kan cewa Shari'a ba a kotu take farawa ba, kowa za a tambaye shi a kan waɗanda aka ba shi kiwo a gidansa. Na ji, na gyaɗa kai tare da jama'a, na dawo na zauna a zaure. Kada ku ɗauka wa'azin ne ya tashe ni. Mahaifiyarku ce.

Washegari da hantsi ta same ni a bayan rumbu. Ku da kuka san ta da faɗa yanzu ba za ku yarda ba, amma a lokacin Rabi ba ta ɗaga ido ta kalle ni in muna magana. Ranar ta kalle ni. Ta ce ta faki idon Gwaggo ta shiga da kunu, ta ɗaga zanin ta duba, ƙafar ba ta kallon inda 'yar'uwarta ke kallo, kuma yarinyar ta daina kuka, sai dai ta bi mutum da ido. Na ce mata Baba ya san abin da yake yi, kuma ba girmanmu ba ne a ji bakinmu a wannan magana.

"Malam, ni na haife ta," in ji ta. "Shekara tara ina yi kamar ban sani ba, kuma zan iya ƙara tara. Amma in ta tashi da ƙafa a karkace, wa zan ce mata ya hana mu magana?"

Na wuce sashen Baba na shiga ɗakin da aka kwantar da yarinyar, karo na farko. Na ɗora yatsuna a inda na gani tun ranar farko. Babu ƙas-ƙas, gaskiyar Baba, amma akwai wani motsi mai laushi, kuma ba a gaɓa yake ba. Baba yana zaure a lokacin, da majinyata huɗu da masu rakiyarsu. Na fito na durƙusa a gabansa na ce ina neman izini in kai yarinyar nan a ɗauki hoton ƙafarta.

"Wace yarinya?" ya ce, bai ɗago ba.

"Ta ɗakin Gwaggo."

"Amaryata? Kai kuma mene ne naka a ciki?"

Da wasa ya faɗa, yana ba ni hanyar da zan janye ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na ga hanyar sarai, kuma na so in bi ta.

"'Yata ce, Baba," na ce.

Wani dattijo daga Mainika ya sunkuyar da kai kamar ni na yi tsirara a gabansa. Baba ya goge man shanun hannunsa a hankali, sannan ya ce ba zai riƙe ni ba, amma in tuna gidan nan ƙofa ɗaya gare shi, kuma in na fita da ita ta gaban mutanen nan, na san abin da na faɗa musu game da hannunsa. Na sani kuwa. Gwaggo ta biyo ni tana salati, tana cewa Kano za a kai ta a ƙarshe, a wannan shekara da ba a maganar komai sai yanke-yanke, za su dawo mana da ita da guntun ƙafa. Na shimfiɗa yarinyar a kan faifan katako, na ɗauke ta ni da maƙwabcinmu, muka ratsa zauren. Rabona da jin nauyinta a hannuna tun tana cikin tsumma.

A Gwarzo aka ɗauki hoton, wanda ya duba ya ce wannan ba nasu ba ne, mu wuce asibitin ƙashi a Kano yau ɗin nan. Sai bayan azahar muka sami motar da ke da mai. Da muka isa, ma'aikaciyar da ke yanka kati ta tambaye ni sunan yarinya, na tsaya ina inda-inda kamar an tambaye ni da Turanci. Ta ɗago ta ce ko ba ni ne uban ba. Na ce ni ne. Na ce Hajara, Hajara Sule. Yarinyar tana kwance a kan benci, ta juyo ta kalle ni, don ba ta taɓa jin haka daga bakina ba.

Likitan matashi ne, bai kai ni shekaru ba, kuma da ya ji sana'ata bai yi mini kallon da na zata ba. Ya ɗaga hoton a taga ya nuna mini wani siririn layi a ƙarshen ƙashin cinya, dab da gwiwa. Ya ce a jikin yaro wannan wurin ba ƙashi ba ne tukuna, guringuntsi ne, kuma daga nan cinya ke samun yawancin tsawonta har yaro ya gama girma. A nan ƙafar ta rabu, shi ya sa ba a jin ƙas-ƙas a hannu. Nan take na tuna ƙashin ɗan akuya in an dafa shi, yadda kansa ke ɓallewa kamar murfi, abin da na sha gani a kwanon miya ban taɓa haɗa shi da aikinmu ba. Na faɗa masa, ya yi murmushi ya ce shi ke nan na gane. Sannan ya tambaye ni sau nawa aka ja. Da na ce uku, murmushin ya tafi. Ya ce duk ja ɗaya goge wurin yake yi, kuma da mun ƙara 'yan kwanaki da ƙashin ya fara kamawa a karkace, taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Zai iya miƙar da ƙafar, amma ba zai yi mini alkawarin za ta ci gaba da tsawo daidai da ɗayar ba. Ya ƙara da cewa irin wannan rauni ko a ranar farko aka kawo shi yakan taɓa girman ƙafa, don haka kada in ɗora wa kaina ko wani. Ya wanke ni, kuma na gode masa, amma ni ban wanke kaina ba.

A lokacin, a asibiti sai dai a rubuta maka komai ka fita ka sayo, daga auduga har safar hannun likita. Ɗaya daga cikin shanun da suka jawo amalanken nan ne ya tafi a kan haka. Aka kawo takardar izinin tiyata aka ce uba ne ke sa hannu, na sa. Suka yi mata allurar barci, suka ɗan tsaga gefen gwiwar saboda wata tsoka da ta shiga tsakani ta hana ƙashin komawa, suka daidaita shi a hankali ba tare da ja ba, suka soke shi da siraran ƙarafa biyu masu santsi a gicciye don kada ya sake zamewa, sannan suka sa siminti daga cinya har idon sawu. Ina zaune a baranda duk tsawon aikin, babu karan da zan tsaga. Da ta farfaɗo ta ce Yaya Sule ƙishirwa take ji, matar gadon kusa ta ce wane irin yaya, ai mutumin nan ubanki ne, ga kama nan.

A cikin siminti ta yi azumin shekarar. Bayan mako shida aka fasa shi aka zare ƙarafan, ƙafa ta fito a miƙe, ta koyi tafiya da sanda, ta yar da sandar kafin damina. Amma labari ya riga mu isa kasuwar Kabo, cewa ɗan maɗori ya ɗauke 'yarsa daga hannun ubansa ya kai asibiti. Zaurenmu da ba ya rabo da mutane ya koma sai a yi kwana uku ba a kawo kowa ba. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na gaishe shi yakan amsa, amma ya daina aikawa a kira wancan. Ranar da aka kawo wani mai karayar ƙwauri na miƙe zan riƙe, ya ce Haruna ya isa. Tun daga ranar hannuna bai sake taɓa majinyaci ba, na koma noma da ɗan kasuwancin wake. Abin ya yi mini ciwo matuƙa, domin ina son aikin nan, kuma na iya shi.

Likita ya ce a riƙa kawo ta duk bayan 'yan watanni ana hoto, ina kai ta. Shekarar farko ba a ga komai ba. A ta biyu ya nuna mini cewa ƙafar dama ta fara ja baya kaɗan, a miƙe take amma ba ta bin 'yar'uwarta. Ban gaya wa kowa a gida ba sai Rabi. Bayan kwana kaɗan, da la'asar, Haruna ya zo ya ce Baba yana kira. Na same shi a ɗakinsa, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ya kwance. Karare ne, biyu-biyu a ɗaure da zare, sun fi ɗauri ashirin. Ashe duk ganin wata sai ya kira amaryarsa ya ce ta kwanta ya auna ta zai yanka mata zani, ya gwada kara a kowace ƙafa daga ƙugu zuwa diddige, ya yanke ya ajiye. Ya jera su a tabarma bi da bi. Na farkon kansu ɗaya. Na ƙarshen, ɗaya ya gaza ɗaya da faɗin yatsa.

"Likitanka ya gani?" ya ce.

"Ya gani, Baba."

Sai na ba shi labarin guringuntsin nan da ƙashin ɗan akuya. Ya saurara har na gama, ya kira sunayen yaran nan biyu na da, ashe shi ma bai manta da su ba. Ya daɗe yana juya karan a hannunsa.

"Ranar da ta faɗo, kana wurin. Ka ga inda ta lanƙwashe?"

"Na gani."

"Me ya hana ka shigowa?"

"Kunya, Baba."

Ya rufe ido kamar yadda yake yi in yana laluben ƙashi. Na zaci zai zage ni, kuma da na karɓa.

"Ni na koya maka ita," ya ce. "Je ka."

Bai mayar mini da ɗorin ba, ni ma ban roƙa ba, an riga an naɗa Haruna a idon jama'a. Amma kafin ya rasu ya kafa wa Haruna doka, kuma har yau ana bin ta a zauren nan: duk yaron da bai balaga ba, in aka kawo shi da kumburi a bakin gaɓa kuma ba a ji ƙas-ƙas ba, ba a ja, ba a murzawa, a tallafe shi da kara a sa shi a mota. Ku da kuke ganin Kawunku yana korar irin waɗannan zuwa asibiti kuna cewa wayewa ce, daga nan ta samo asali. Ƙafar Uwani ta tsaya da giɓin yatsa biyu lokacin da ta gama girma. Likita ya ce bai kai a sake tiyata ba, wani mai gyaran takalmi a Gwarzo ya riƙa ƙara mata dunduniya, kuma in ba ta gaji ba, baƙo ba zai lura ba. Ni ina lura. Daga cikin ɗaki nakan gane takunta tun tana zaure.

To, ga gaskiyar da kuke nema. Kakanku ya yi abin da ya sani da iyakar saninsa, kuma da ya ga karan nan bai ɓoye su ba. Likita ya yi abin da ya iya da abin da aka kawo masa. Mutum ɗaya ne ya ga wurin tun ranar farko, yana da ilimin da zai yi shakka, yana da haƙƙin da zai yi magana, ya zauna kwana shida a zaure yana tsaga kara don a ce yana da kunya. Ko kwanakin nan ne suka ci yatsa biyun, ko da ma haka Allah ya rubuta, ba wanda zai iya gaya mini, na tambaya har na gaji. Ban ce ku yar da kunya ba, ta riƙe gidajenmu a wurare da yawa. Amma in ɗanku na fari ya faɗi, ku saki igiyar shanun ku ɗauke shi, kowa ma ya gani.

Yayarku yanzu tana da 'ya'ya biyar, har yau Yaya Sule take ce mini, kuma ba ta taɓa tayar da maganar nan ba ko sau ɗaya. Na sha shirya abin da zan faɗa mata in ta zo gaisuwa, sai ta durƙusa, in tambaye ta yara da maigidanta, ta tashi ta shiga wurin mahaifiyarta. Bakina bai iya ba har yanzu, shi ya sa na sa a takarda, kuma duk wanda ya fara karanta wannan a cikinku ya kai mata.

Hajara, 'yata, na gani tun ranar farko. Ki yafe mini kwana shidan nan.